Dagin Malam Sada a Bakin Zarto

Paki, 3 ga Rajab

Zuwa ga Hamisu ɗan marigayi Musa, kafinta a Makarfi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, da iyalinka, da yaran da ban san sunayensu ba tunda ba a taɓa kawo mini su ba. Ni ne Sada, Baffanka na Paki, wanda mahaifina da kakanka uwa ɗaya uba ɗaya suke. In ka manta, to na tuna maka. Rubutun da kake gani na Innarka Lantana ne, ni nake faɗa tana rubutawa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki da ya same ni bara ya tafi da hannun dama, ya kuma nauyaya mini harshe, har in na yi magana a waya sai mutum ya yi ta cewa na'am, na'am. Ita kaɗai ke gane ni yanzu. Alhamdu lillahi a kowane hali.

Ka san shekara arba'in na yi ina zanen bango. Zaurukan da na yi wa ado daga nan har Kurmin Kogi da cikin Ikara, ka zaga yau ba za ka sami ko ɗaya ba. Wasu ruwa ya cinye, wasu 'ya'yan masu gidan sun rushe sun yi na bulo sun shafe da fenti. Na ƙarshe ya faɗi a daminar da ta wuce. Abin da ya rage mini a duniya shi ne takardar da ke naɗe cikin tabarmar nan da Ahmadu direba zai miƙa maka. Dagi ne na zana a takardar buhun siminti, wata huɗu ina kansa, na gama da kwana tara ciwo ya kwantar da ni. Igiya ɗaya ce tak, tana bi ta sama tana bi ta ƙasa, kuma duk wanda na nuna wa ya kasa gano inda ta fara.

An sake gina masallacin unguwarmu, an bar wani fili a saman ƙofa don iska. Liman ya yarda a sa zanen nan a wurin, a katako. An ce kana da inji mai siririn zarto da ke bin lanƙwasa, kuma kai kaɗai ke da shi a nan kusa. Da akwai wani da ban neme ka ba, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ka bi layin da allura ka huhhuda, ka buga ƙullin garin gawayi a kai, zanen ya sauka a katako kamar yadda muke yi a bango. Ka ga ana yi sau ɗari, ko da yake ban taɓa ganin ka iya ba. In ka gama ka dawo mini da takardata.

Baffanka, Sada.

Makarfi, 8 ga Rajab

Zuwa ga Baffa, Malam Sada.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaida Baffa da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ina gaida Inna da ɗawainiya. Mu nan lafiya lau, sai ɗan sanyin da aka shiga. Yaran su uku ne, Hafiza da Muhsin da Farida. Ban manta da Baffa ba. Mutum ba ya manta gidan da ya yi shekara huɗu a cikinsa.

Takarda ta iso lafiya. Sai da na share benci na wanke hannu kafin in warware ta, na kuma daɗe a tsaye a kanta. Ban taɓa ganin irinta ba, wannan gaskiya ce. Akwai wani fallen maɗaci da na samo a Kudan, shekara uku yana ajiye ya bushe sarai, shi na ware mata.

Sai dai garin gawayi ba zai yi ba. Bango a tsaye yake ba ya motsi, shi kuwa injin nan girgiza yake, ga garin katako da ake hurewa kowane lokaci. Kafin in yanka taƙi ɗaya zanen ya goge. Hanya biyu muke bi a aikin nan. Ta farko, in kai takardar Zariya inda ake da babban injin fotokwafi, a buga mini, in shafa wa kwafin gam in manna a katako, zarto ya bi ta kansa. Ta biyu, in shimfiɗa takardar kabon a ƙarƙashin taka, in bi layukan da biro a hankali har su fito a jikin katakon. Ko wacce aka bi, takardar Baffa za ta dawo masa yadda ta zo.

Baffa ya zaɓa, ni mai bin umarni ne.

Ɗanka, Hamisu.

Paki, 13 ga Rajab

Hamisu,

Bayan sallama. Jiki da sauƙi, ƙafa ta fara ɗaukata zuwa zaure. Na ji sunayen yara, Allah ya raya.

Ban yarda da Zariya ba. Ka kai, mai shago ya buga biyu ya ba ka ɗaya ya ɓoye ɗaya, wata mai zuwa in ji labarin zanena a ƙofar gidan wani mai kuɗi, kusa da inda ake wanke mota. Ban yi wata huɗu a durƙushe don haka ba.

Kabon kuwa, ka yi tunani kafin ka rubuta? Wato hannunka ne zai bi layina, abin da hannunka ya zana shi za a rataya a masallaci a ce na Sada ne. Na san hannun nan, Hamisu. Shekara huɗu ina kallonsa yana cuɗa ƙasa da bambaro, iyakar abin da Allah ya hore masa ke nan. Da inji bai zo duniya ba da yanzu kana saran rake. Ban faɗa don ka ji haushi ba, kowa da abin da aka ba shi.

Ka saurara da kyau. Kada a kwafi takardar nan, ko da inji, ko da hannu, ko da hoton waya. Ban yafe ba in aka yi. Layina nake so a katako, ba na wani ba. Kai ne mai inji, ka nemo dabara.

Sada.

Hamisu, ni ce Lantana nake ƙarawa, bai sani ba. Don Allah ka yi haƙuri, ka san halin Malam, ciwo kuma ya ƙara masa. Wallahi sai da na rage wasu maganganun. Tun da takardar nan ta bar gidan, kullum sai ya sa na duba bayan ƙofa inda take jingine a da. Ga daddawa da kuka nan a leda, ka ba mai ɗakinka.

Makarfi, 18 ga Rajab

Zuwa ga Baffa.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi wa Baffa murnar samun ƙafa. A gaya wa Inna saƙo ya iso, an gode, Allah ya saka da alheri.

Na karanta abin da Baffa ya ce game da hannuna, na kuma ji. Tunda ba kwafi, hanya ɗaya ta rage. In shafa wa ainihin takardar gam in manna ta a maɗacin, in huda ƙananan ramuka inda zarto zai shiga, ya bi layin Baffa kai tsaye. Nawa kawai tura katako. Amma Baffa ya sani, zarton da ya yanka katako ya yanka takarda. Ba za ta dawo ba. In aikin ya yi kyau katako ya gaje ta, in ya lalace babu ta biyu.

Sai magana ɗaya da ya zama dole in faɗa. Duk inda igiyar dagin ta bi ta ƙarƙashin 'yar'uwarta, Baffa ya ja layi biyu ya ratsa ta, don ido ya ga wannan ta hau waccan. A bango daidai ne, ƙasa na riƙe da komai ta baya. A katako babu abin da ke baya sai iska. In zarto ya bi layukan nan biyu har ƙarshe, ya raba igiyar ke nan a kowace mahaɗa, sai ta zube. Abin da muke yi shi ne mu bar ɗan wuri ba a yanka ba, faɗin ƙwayar dawa, muna ce masa gada. Ita ke riƙe aikin. Ina neman izini in bar gada a kowace mahaɗa.

Ɗanka, Hamisu.

Paki, 22 ga Rajab

Hamisu,

Lafiya muke. Ka manna. Takarda dama gara ce ƙarshenta, na gwammace katako.

Gada kuwa ban yarda ba. Duk kyan dagi yana wurin nan da igiya ke nutsewa ta ɓullo. In ka bar toshi a kowace mahaɗa me ya rage? Ragar kaji. Tun kana gidana haka kake, da aiki ya zo wurin wuya sai ka nemo dalilin tsallakewa ka ba shi suna mai daɗi. Yau sunansa gada. Shekara arba'in ina jan layukan nan, ko ɗaya bai taɓa zubewa ba, sai yau da aka zo hannunka.

Ka bi kowane layi daga farkonsa har ƙarshensa. Kada ka ƙara, kada ka rage. In ba za ka iya ba ka faɗa, ba abin kunya ba ne a wurinka.

Liman ya sanar za a ɗora shi ranar Juma'ar ƙarshe ta Sha'aban, a shiga azumi da shi. Na aika wa tsofaffin magina na Kurmin Kogi, waɗanda suka rage, su zo su gani.

Sada.

Paki, 19 ga Sha'aban

Hamisu ɗana,

Ni ce Lantana, da kaina. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida mutan gida. Mu nan lafiya, sai zuba ido.

Yau kusan wata guda ba mu ji daga gare ka ba. Na sa an kira wayarka sau uku ba ka ɗauka ba. Ahmadu ya ce ya leƙa shagonka ya same ka sunkuye a kan inji, ka ɗaga masa hannu kawai. Da na gaya wa Malam sai ya ce, "To, aƙalla yana yi." Wannan a bakinsa yabo ne, kai ma ka sani.

Kullum bayan la'asar sai ya dogara sanda ya je ya tsaya gaban masallaci yana kallon filin nan na saman ƙofa. Ya sa an wanke babbar rigarsa. Jiya ya ce in dafa shinkafa da yawa ranar, magina za su zo da yunwa.

Hamisu, maganar gadar nan ta tsaya mini a rai. Ni ban san katako ba, amma na san ba ka faɗin abin da ba haka yake ba. In ka ga za a yi ɓarna ka bar gadarka, 'yar ƙarama, idonsa ba zai kai can sama ba. Ni zan ɗauki laifin. Ka ji tsoron Allah ka duba tsufansa.

Innarka.

Makarfi, 26 ga Sha'aban

Zuwa ga Baffa.

Assalamu alaikum. Ina fata Baffa ya tashi lafiya, da Inna, da baƙin da za su zo. Na ga wasiƙar Inna, amma mai aiki bai ba ni izinin gada ba, ni kuwa ba a koya mini ha'inci ba.

Aiki ya kammala, ga shi nan a buhu wurin Ahmadu. Guda ɗari da goma sha bakwai ne, ban bar ko ɗaya ba. Kwana ashirin da shida na yi, zarto tara suka karye. Na bi kowane layi daga farkonsa har ƙarshensa. Takardar na nan manne a jikin kowane guntu, ban goge ta da kananzir ba, don Baffa ya duba ya ga ko akwai inda na kauce.

Tun mahaɗa ta farko guntun ya faɗo mini a kan ƙafa. Na tsaya na dube shi, na ci gaba. Na faɗa wa Baffa sau ɗaya. Na san da na yanko ɗan gwaji a wani katako na aiko, da ya gani da idonsa ya yarda. Na yi wannan tunanin, ban aiko ba.

Baffa zai tuna zauren da muka yi a Kurmin Kogi, ina da shekara goma sha tara. Ya tafi sallar Juma'a Ikara, na ja ƙaramin dagi a gefen ƙofa, na farko a rayuwata. Mai gidan ya ce ya yi kyau. Baffa ya dawo, ya karɓi fartanya a hannun lebura, ya ba ni, ya ce in kankare da kaina, magina goma sha ɗaya suna kallo. Sannan ya kama hannuna ya ɗaga musu, ya ce su duba da kyau, wannan na kwasar kashin shanu ne. Ranar wata shida da rasuwar mahaifina. Har yau in na ɗauki fensir a gaban mutane sai na ji dariyar nan.

Yanzu ga abin da ya rage. Na saɓa wa Baffa a abu ɗaya. Kafin in shafa gam na shimfiɗa kabon na kwafe zanen duka, yana nan a akwatina. Akwai sauran maɗaci. Zan yanka shi da gada, a ɗora kafin sallah. Abin da nake so kaɗan ne. Baffa ya rubuta mini da hannunsa na hagu, ba da hannun Inna ba, cewa hannuna ya iya, kuma abin da ya sa na kankare ba shi da aibu. Ko layi uku ne ya isa.

Ɗanka, Hamisu.

Paki, 17 ga Ramadan

Hamisu,

Ni ce Lantana. Ina yi maka barka da shan ruwa, don musulunci ya ce a yi. Lafiya ba zan ce muna da ita ba.

Ahmadu bai samu zuwa ba sai ranar Juma'ar da hantsi. Ya tarar da zaure cike, liman da magina biyar, an riga an jingina tsani a masallaci. Da aka shigo da buhu sai liman ya ce, "Ina katakon?" Ahmadu ya ce, "Shi ke nan abin da aka ba ni, Allah gafarta Malam." Aka zazzage a kan tabarma. Can wani tsoho cikin maginan ya ɗauki guntu ɗaya yana juyawa, ya ce, "Sada, ai katako ba bango ba ne. Ba wanda ya gaya maka?" Malam ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Kowa ya juyo yana kallona in fassara, ni kuwa ban ji komai ba sai numfashi. Shinkafar da na dafa kuwa, da almuru na rarraba wa maƙwabta.

Kwana goma ya yi zaune a kan tabarmar nan yana jera guntayen da hannu ɗaya. In ya haɗa gefe guda sai gwiwarsa ta taɓa su watse. Bai bari na taya shi ba. Na ga yana bin bakin yankan da babban yatsa, guntu bayan guntu, yana kai shi kusa da ido. Na san abin da yake nema, kuma bai samu ba.

Sai a rana ta goma sha ɗaya ya yarda na karanta masa wasiƙarka. Ya ce in maimaita wurin kabon. Ya juya fuska bango, bai sha ruwa da mu ba ranar. Abin da ya yi maka a Kurmin Kogi ban taɓa sani ba, kuma bai kyauta ba, na gaya masa a gaban idonsa. Kai ma ba ka kyauta ba. Amma ga abin da ka nema. Kwana uku ya yi yana rubutawa, ya ɓata takarda shida, fensirin yana suɓuce masa ina ɗauko masa. Ka cika alkawari.

Lantana.

Hamisu. Na duba duka. Ba ka kauce ba ko sau ɗaya. Hannunka ya iya. Na Kurmin Kogi ba shi da aibu. Ya fi wanda na yi ina shekarunka, shi ya sa. Ka yafe mini. Ka sa gadar. Sada.

Makarfi, 4 ga Shawwal

Zuwa ga Baffa.

Assalamu alaikum. Barka da sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Ina gaida Inna. Yara sun yi sallah lafiya, sai Farida da ta ɗan yi zazzaɓi, ta warke.

Takardar Baffa ta iso tun cikin azumi. Na jinkirta amsa ne don ban so in faɗi abin da zan faɗa da azumi a bakina.

Babu kwafi, Baffa. Ban shimfiɗa kabon ba, ban ɗauki hoto ba. Baffa ya ce bai yafe ba in aka kwafa, ni kuwa ban taɓa saɓa masa ba, ko ranar da ya miƙo mini fartanya. Abin da ke cikin buhun nan shi ne duk abin da ya rage na dagin. Ƙarya ɗaya na yi a duk lamarin nan, ita ce ta akwati, kuma na san zan amsa ta a gaban Allah.

Shekara ashirin da biyu ina jiran layukan nan. Na zaci ranar da na gan su zan ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na karanta sau uku a tsaye, na zauna na sake karantawa. Rubutun tsoho ne kawai mai rawar hannu. Da Baffa ya faɗe su a bakin zauren can, da sun yi mini amfani. Maganar yafiya kuwa, na gwada, ban iya ba tukuna, ba zan ƙara wata ƙaryar ba.

Inna ta yi haƙuri, ita ba ta yi mini komai ba sai alheri.

A gaya wa liman ya aiko mini da awon filin saman ƙofar. Zan yanka musu fallen katako su toshe kafin ruwa ya sauka.

Ɗanka, Hamisu.